Sawu a Jikin Tulu

Kwana goma sha ɗaya bayan Tulu ya nutse bai dawo ba, aka tsinci noti ɗaya a aljihun rigar aikin Baba Sifana. Kafin azahar unguwar bakin teku ta gama yanke hukunci: tsoho ya yi ha'inci, ya rufe mutum uku da noti goma sha bakwai maimakon sha takwas, ruwa ya shiga ya cinye su. Kafin la'asar an farfashe tagogin gidansa. 'Yan sanda suka ɗauke shi, rabi don tuhuma, rabi don kada a kashe shi.

Tulu ƙaramin jirgin nutso ne, dunƙulen ƙarfe mai taga ɗaya da murfi a ka, wanda kamfani ke saukarwa ƙasan teku don duba wayoyin da aka shimfiɗa a can. Mutum uku yake ɗauka, gwiwa na gogar gwiwa. Daga waje ake ɗaure murfinsa, kuma shekara shida Baba Sifana ne ke ɗaurewa. A nutso na ɗari da talatin da takwas, matuƙi ya shiga da ma'aikata biyu. Bayan awa biyu magana ta yanke, ba ta sake dawowa ba.

Ni aikina bin sawu. Mahaifina sawun ɓarayin dabbobi yake bi a ƙasa, ni na yi karatu na koma bin sawun tsaga a jikin ƙarfe, har ya rasu yana ganin wasa nake yi. In gada ta karye ko tukunyar inji ta fashe, ni ake kira in faɗi inda ɓarnar ta faro. Ban taɓa samun wanda ya yi murnar ganina sau biyu ba.

A ƙofar tashar jiragen ruwa matar matuƙi ta tare ni. Malamar firamare ce, siririya, idanunta sun bushe ƙayau kamar wadda ta gama kuka ta koma lissafi.

"Kai ne mai bin sawun?"

"Ni ne, Malama. Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Takarda huɗu na rubuta kafin su yarda a kawo ka. Alƙali ya ce rahotonka yake jira, nan da kwana biyar. Ina so ka rubuta shi yadda tsohon nan ba zai ƙara ganin rana ba." Ta gyara mayafinta. "A gidana yake cin abinci. 'Ya'yana Kaka suke ce masa."

Na ce mata abin da ƙarfe ya gaya mini shi zan rubuta. Ta ce hakan ya ishe ta.

*

An jere abin da aka kwaso daga ƙasan teku a wani ɗakin ajiya, a kan tamfol. Sufeton da ke riƙe da binciken ya raka ni, yana toshe hanci saboda ƙarnin gishiri. Ƙarfen da ya kai kaurin tafin hannu ya naɗe ya shige cikin kansa, kamar gwangwanin da mota ta taka.

"Bam ne?" in ji Sufeto.

"Bam waje yake watsa abu, yallaɓai. Dubi wannan, duk ciki ya nufa."

"To ruwa ne zai yi wa ƙarfe haka?"

Na ce ya ɗaga babban yatsansa. "Inda suka kai, zurfin kilomita huɗu ne. Duk ruwan da ke samansu a kansu yake zaune. Wurin da bai fi faɗin farcen nan naka ba, nauyin da ke danna shi ya kai kilo ɗari huɗu. Sai ka ƙirga farce nawa ne a jikin Tulu."

Ya kalli farcensa, ya mayar da hannun aljihu.

"Ka taɓa matse ƙwai a cikin tafin hannu? In lafiyayye ne, kuma ka matse shi daidai ta ko'ina, sai ka yi gumi bai fashe ba. Amma in akwai 'yar tsaga ko ta gashi ce, shi ke nan. Shi ya sa aka yi Tulu a dunƙule. Muddin ba tabo a jikinsa, ruwan da ke danna shi ta nan shi ke tare shi ta can."

Na jawo murfin. Sufeto ya nuna mini ramin da ba noti, da alfahari irin na wanda ya kama ɓarawo da hannu a tukunya. Na haska fitila ciki. Gindin notin na nan daram, kansa ne kawai ya gutsure lokacin da ƙarfe ya lanƙwashe. Na karɓi wanda aka samu a aljihun tsoho na juya shi. Sabo fil, ko sau ɗaya sifana ba ta taɓa kansa ba.

"Kowane makaniki yana yawo da noti a aljihu," na ce. "Kuma ko da biyar ya manta, ba abin da zai faru. A can ƙasa ruwa ne da kansa ke rufe murfin, ya fi kowane noti ƙarfi."

Sufeto ya ce, "To ai ya amsa laifinsa."

*

Baba Sifana na zaune a kan benci a ɗakin tsaro, gefen goshinsa a kumbure inda dutse ya same shi. Hannayensa manya ne, baƙin mai ya zauna a layukansu.

"Baba, an ce ka ce kai ne."

"Ni ne. Rubuta."

"Yaya ka yi?"

"Na manta noti ɗaya."

"Na ga sha takwas ɗin da idona."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da kai ƙasa. "To ban ɗaure da kyau ba. Hannu ya tsufa."

"Baba, ka fi ni sanin ba murfi ne ya kashe su ba."

"Ɗana, shekarata sittin da takwas. Matata ta riga ni, ba ni da kowa sai hawan jini. Mutane suna son wanda za su tsana, ga ni, ban ce ba na so ba. Me ya dame ka?"

"In na rubuta haka, a kurkuku za ka mutu."

"A gida ma ai ba tsira zan yi ba."

Na sha ganin mai laifi yana rantsuwa bai yi ba. Wanda bai yi ba yana rantsuwa ya yi, wannan sabo ne a gare ni, kuma ruwa ba ya tsami banza. Na fito raina a ɓace, don na fara son tsohon, abin da bai kamata mai irin aikina ya yi ba.

*

Unguwa ba ta rasa sauran waɗanda take zargi ba. Mai shayin bakin tasha ya rantse mini cewa Mai Jirgi, wato mai kamfanin Tulu, gilashin taga mai araha ya saya. Na je ofishinsa. Mutum ne mai santsin baki, ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, ya ba ni takardu tun ban tambaya ba. Na so ƙwarai a ce shi ne, ba zan ɓoye ba. Amma gilashin na gaske ne, gutsattsarinsa ma sun shaida hakan.

Matan unguwa kuma Kyaftin suke tsine wa, wato shugaban babban jirgin da ke sauke Tulu. Sun ce kwana uku ana jin mutanen suna ƙwanƙwasa ƙarfe daga ƙasa suna neman ceto, shi kuwa ya juya ya tafi. Na same shi a ɗakin tuƙi, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa.

"Ƙara ɗaya na ji a na'ura," ya ce. "Ɗaya tak, kamar an buga ƙofa da ƙarfi. Na ce a raina wataƙila wani abu ne ya faɗi a jirgi. Kwana uku ina sauraro, duk igiyar da ta gogi ƙarfe sai in ce su ne."

"Ba su ba ne, Kyaftin. Tun a ƙarar farko aka gama."

Ya rufe fuska da hularsa. Ban san ko sauƙi na kawo masa ko nauyi ba.

*

Kwana biyu na yi a ɗakin ajiya ina haɗa gutsattsarin zoben ƙarfen da gilashin taga ke zama a ciki. Tsaga ba ta iya ɓoye hanyarta. Duk inda ta wuce tana barin zane mai nuna inda ta fito, sai dai ka bi shi baya-baya. Na bi daga wannan guntu zuwa wancan, har zanen duka suka taru a wuri guda, a leɓen zoben ta ƙasa, ɓangaren dama.

Na kankare fenti. A ƙarƙashinsa akwai abin liƙi. A ƙarƙashin abin liƙin akwai ɗan rami mai tsini, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Teku ba ta yin irin wannan rami. Hannun mutum ne, da guduma.

Na sa guntun a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Daga bakin ramin wasu siraran layuka suka bazu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan fi na bayansa faɗi. Duk lokacin da Tulu ya sauka ruwa ya matse shi, ya hau ya sake shi, tsagar kan ƙara taku ɗaya ta bar layi. Na ƙirga su sau uku. Talatin da bakwai ne, daga nan sai karaya.

Ɗari da talatin da bakwai suka dawo lafiya. A cire talatin da bakwai. An yi ramin nan ne bayan nutso na ɗari, kafin na ɗari da ɗaya.

Na tafi garejin kamfanin. Mai fenti ne kaɗai a ciki, yana wanke burushin da ba abin da zai shafa da shi. A bango na ga allon tagulla mai faɗin littafi, an zana masa gidaje ɗari, goma-goma a jere, kowane gida da ɗan rami a tsakiya.

"Wannan fa?"

"Al'adarmu ce," in ji shi. "Duk nutson da aka dawo lafiya, sai a buga alama ɗaya da ƙusar ƙarfe da guduma. Wanda ya fi wahala ranar shi ke bugawa. Wannan ya cika, shi ne muka cire muka sa sabo."

"A ina yake ɗaure a jikin Tulu?"

"A jikin sandar waje. Kusa da taga." Muryarsa ta ɗan sauka.

Na matsa kusa. Gida casa'in da tara, rami ɗaya-ɗaya, tsaf. Gida na ɗari yana kusurwar ƙarshe, a bakin allon. Shi ma da raminsa, amma kusa da ramin akwai ƙarzar da ta zame ta fita ta gefe.

"Wa ya buga na ɗari?"

Ya ci gaba da wanke burushi. "Na manta."

"An yi biki ranar?"

"An ɗan yi. Iyalai sun zo."

Na fahimci abin da tsoho yake zaune a kai, na kuma yi fatan da na tsaya a sana'ar mahaifina ina bin sawun awaki.

*

Ana gobe zaman kotu na sa Sufeto ya tara su a garejin da safe: Mai Jirgi, Kyaftin, mai fenti, da Baba Sifana da ankwa a hannu. Na roƙi Sufeto kada a gaya wa Malama. Amma unguwar da ta yanke hukunci kafin azahar ba ta iya riƙe sirri. Ina buɗe jakata ta shigo ta zauna a gaba, ko kallon tsohon ba ta yi ba.

Na ajiye guntun zoben a kan tebur, na ajiye allon tagulla kusa da shi. Na yi bayanin ramin, na yi na layukan. Na yi ta jan magana ina kewaye-kewaye, ni da aka sani da gajeren zance.

"Ba na neman hannun da ya riƙe guduma," na ce. "Hannu kan zame. Abin da nake nema shi ne waɗanda suka san ƙarfe, suka ga ramin, suka cike shi suka shafa fenti. Da an faɗa, da an canza zoben, wata biyu ne kawai ba aiki."

"Matuƙi ne ya ce in shafe," in ji mai fenti. "Ya ce ƙwarzane ne kawai, kada a ɓata wa mutane rana."

"Kai kuma, Kyaftin?"

"Ina wurin."

"Ni ban san da wannan ba," in ji Mai Jirgi da sauri. Sai kuma ya gyara zama, na ga idonsa ya yi haske. "Amma ai dole a san wanda ya buga. Ma'aikacinmu ne ko wani daga waje? Wannan yana da muhimmanci ga kamfani."

"Ni ne," in ji Baba Sifana. "Ni na buga."

"Shi ne," in ji mai fenti.

Kyaftin ya gyaɗa kai yana kallon takalminsa.

Wallahi da an bar ni da na rubuta haka, in ce kuskuren tsoho ne ba ha'inci ba, ko alƙali ya sassauta. Har na kai hannu ga alƙalami.

"A'a," in ji Malama.

Ba ta ɗaga murya ba. Idonta na kan allon tagulla.

"Ranar na sa shuɗiyar riga. Maigidana ya ce na ɗari nawa ne, don ni ce na fi kowa wahala, ni ke jira. Gudumar ta yi mini nauyi. Na buga, ƙusar ta zame, kowa ya yi dariya. Shi ya riƙe hannuna muka sake bugawa." Ta juya ta dubi tsohon, karo na farko. "Kaka, ka sani?"

"'Yata, ba ke ba ce. Mu ne muka gani muka yi shiru."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da aka ce mini ta taga ne ya fi lalacewa."

"Na tsaya a ƙofar gidanka ana jifa," ta ce. "Ban hana ba."

Sufeto ya ciro makulli ya kwance ankwar. Tsohon ya zauna yana murza wuyan hannunsa, sannan ya ɗago ya dube ni da idon da har yau nake gani.

"Na ɗauki kayan nan don ina da kafaɗa," ya ce. "Ka sauke mini ka ɗora wa wadda ke goyon marayu biyu. Allah ya saka maka."

Mai Jirgi ya riga ya fita waje yana waya da lauyansa.

*

A rahotona na rubuta cewa laifin na waɗanda suka ɓoye ne, da kamfanin da ya bar allo da guduma kusa da taga shekara shida ba wanda ya tsawata. Sunanta sau ɗaya ya fito, a shafi na tara. Na san shafin da unguwa za ta karanta ke nan. Kafin in gama buga takardar, surukarta ta aiko an ɗauki yaran, wai su kwana biyu a can.

Ina tattara kayana a ɗakin ajiya da yamma sai ga Malama a bakin ƙofa.

"Ina da tambaya."

"Bismillah."

"Ya ji zafi?"

Wannan kaɗai ce tambayar da nake da amsarta mai daɗi. "A'a. Kafin ki ji zafi sai saƙo ya tashi daga jiki ya isa ƙwaƙwalwa, kuma wannan yana ɗaukar lokaci, ko da kaɗan ne. Ruwan ya fi saƙon sauri nesa ba kusa ba. Kafin ido ya fara ƙiftawa an gama komai. Bai gani ba, bai ji ba. Yana zaune yana aikinsa ne kawai."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Nuna mini."

Na yi niyyar in ƙi, amma ban ga ina da wannan haƙƙin ba. Na sa guntun a ƙarƙashin madubi, na daidaita mata fitila, na nuna mata yadda ake juya abin gyara gani. Ta sunkuya ta daɗe.

"Wannan ne ramin?"

"Shi ne."

"Ɗan ƙarami."

"Ƙwarai."

Ta fara ƙirga layukan a fili, a hankali, yadda take koya wa 'yan aji ɗaya. A na sha biyu ta tsaya ta ce lokacin ƙaramarsu ta yi ƙyanda, mijinta ya dawo da gudu ko wanka bai yi ba. A na ashirin da shida ta ce sun yi faɗa da safen, ba ta raka shi ƙofa ba. Ta kai talatin da bakwai ta ɗago kai.

"In da talatin da shida ne fa? Ko da takwas?"

"Da ba ranar ba ce."

"Da ba ni ba ce."

"Haka ne."

"Kai ma mutum ne," ta ce. "Kana iya kuskure. Bari in sake."

Na ajiye jakata na zauna a kan akwati. Ta goge idonta da bakin mayafi don ta ga da kyau, ta koma kan ramin, ta ce ɗaya. Mai gadi ya leƙo da makullai a hannu, na yi masa alama ya jira. Sau tara ta ƙirga kafin ya ce lallai zai rufe, kuma ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba.